Hannu Uku a Bayan Ƙofar Madugu

Rabona da jin ƙarar madaɓi a garin nan har na manta. Yanzu in mutum ya gina ɗaki sai ya kira magini ya zuba masa siminti, in yana da hali ya shimfiɗa karo, wato tayil, kwana biyu an gama, ba wadda ta yi waƙa, ba wadda hannunta ya yi kanta. Ban ce abin ba shi da kyau ba. Ni ma ɗakin da nake kwana karo ne a ƙasansa, ɗana ya sa aka yi mini, kuma ba ya tara ƙuma. Amma a da, in damina ta wuce, ƙoramar Telwa ta janye ruwanta, tsohon gari gaba ɗaya amsawa yake yi. Tun da hantsi za ka ji tim, tim, tim daga wannan lungu, wancan lungun ya karɓa, mata sun durƙusa a jere suna daɓe, ɗaya na ba da waƙa saura na amshi. Wanda ya tashi cikin wannan ƙarar, shirun yanzu yana damunsa, ko da yake ba shiru ba ne na gaske, babura sun cika ko'ina.

Gidan da na tashi a ciki shi ne wanda yau ake kai baƙi su gani, gidan Madugu mai bene, wanda in ka hau samansa kana kallon hasumiyar babban masallaci kamar ka miƙa hannu ka taɓa itatuwanta. Ban tarar da Madugun da rai ba. An ce in ayarinsa ya taso daga Bilma da kantun gishiri da dabino, raƙumin gaba yana durƙushe a ƙofar gida na baya bai shigo gari ba. Mutane dai akwai su da ƙarin gishiri a zance. Abin da na sani da bakina shi ne, ɗakunan ajiyar da ke hannun dama in ka wuce zaure na biyu, bangonsu ɗanɗanon gishiri gare shi. Mu yara mun sha lasa, awaki ma haka, har sai da suka yi wa wani bango rami. Daga nan sai tsakar gida, sai ɗakunan matan gida, sai matakala mai hawa bene. A benen nan ne ɗakin Madugu yake, ɗakin da ake labari, wanda aka yi wa zayyana tun daga ƙasa har rufi.

Mu ba 'yan bene ba ne, 'yan murhu ake ce mana. Can ƙarshen gida, bayan madafa da turken jakuna, akwai wasu gajerun ɗakuna da sai ka sunkuya za ka shiga, nan aka haife ni, nan aka haifi uwata. Kakata kuwa ba a nan aka haife ta ba. Kawo ta aka yi daga kudu tana 'yar ƙarama, Madugu ya saye ta tare da wasu. Lokacin da na yi wayo zancen saye da sayarwa ya daɗe da mutuwa, ba mai ce wa wani bawa a fili, kuma duk wanda ya so tafiya ba mai riƙe shi. Amma ina za ka? Mun zauna. Muna daka, muna ɗebo ruwa, muna renon 'ya'yansu. Ba zan yi musu ƙarya ba, ba su bar mu da yunwa ba, kuma kowace salla da sabon zanenmu. Sai dai ba mu ci a ƙwarya ɗaya ba, ba mu zauna a tabarma ɗaya ba, kuma ɗan murhu ba ya taka matakalar bene sai da tsintsiya ko da ƙwaryar laka a hannunsa. Ba wanda ya taɓa gaya mini wannan doka. Na tashi na gan ta ne kamar yadda na ga rijiyar gidan.

Kaka gajeruwa ce, baƙa, mai ƙarancin magana. Hannunta na dama yatsa huɗu ne, babu ƙaramin. Na taɓa tambayar ta inda ya tafi, ta ce igiya ta ci shi a hanya, ta ci gaba da tankaɗenta, ban ƙara tambaya ba. Ita ce uwar yaɓen gidan. Maza su ke gini, su ke hawa su toshe rufi su gyara indararo, amma yaɓen cikin ɗaki da daɓe aikin mata ne, kuma a gidan Madugu aikin Kaka ne da duk wadda ta ga dama ta koya wa. Da ruwa ya ɗauke za a kawo jar ƙasa a kan jakuna a jibge a bayan madafa. Mu yara aikinmu tsintar kashin jaki da sussuke shi. A haɗa da ƙaiƙayi, a zuba ruwa, mu shiga da ƙafa muna cuɗawa muna faɗa da juna, sannan a rufe da tsofaffin tabarmi a bar shi ya ruɓa. Kullum da safe Kaka za ta ɗaga tabarma ta ɗebo da yatsa ta kai hanci. In ta yamutsa fuska ta mayar, to da saura. Takan ce laka in ba ta yi wari ba, ba ta nuna ba. Matan bene kuwa su riƙa toshe hanci suna cewa mun cika musu gida da ɗoyi, sai an gama ɗaki ya yi santsi ya yi sanyi su kira ƙawayensu su zo kallo. Shafin ƙarshe da ruwan bagaruwa ake yi, a jiƙa ta a tafasa, a shafa da tafin hannu, a bi da dutse mai santsi ana gogewa har bango ya yi ƙyalli. Bangon da Kaka ta goge, ko ka jingina da farar riga ba ya ba ka ƙasa.

Shekarar da na fara iya ɗaukar tulu ba tare da an ɗora mini ba, aka ce za a sabunta yaɓen ɗakin Madugu. Kaka ta dube ni ta ce in ɗauko ƙwaryar laka in biyo ta. Ran nan na fara hawa bene. Da na shiga sai na tsaya baki buɗe ina kallon zayyana, ga zane kamar igiya ta naɗe kanta, ga 'yan ramuka a bango inda ake jera tasoshi, ga haske na shigowa ta 'yar taga ya sauka a kan ja da fari. Kaka ta ce in rufe bakina kada ƙuda ya shiga. Muka yi aiki har bayan azahar, ita da uwata suna shafawa, ni ina miƙo laka. Zayyanar ba a taɓa ta, sai wuraren da suke fili. Da uwata ta sauka ɗebo ruwan bagaruwa, Kaka ta leƙa matakala ta ga ba kowa, sai ta tura ƙyauren ɗakin ta rufe. Ƙyaure ne mai nauyi, kullum a buɗe yake, jingine da bango.

Ta ce, “Ke, taho nan. Duƙa.”

Na durƙusa. Can ƙasa, a kusurwar da ƙyauren ke rufewa, bai fi taƙi ɗaya daga daɓe ba, na ga sawun hannu biyu a jikin bango. Ɗaya yatsa huɗu, ɗaya biyar.

“Mi kika gani?”

Na ce hannu.

“Na wa?”

Na dubi hannunta mai yatsa huɗu. Ta ce ɗayan na uwata ne, tun tana kamar ni. Sannan ta ɗebo laka ta shafa a gefensu, ta kama hannuna ta danna a ciki da ƙarfi, har na ji sanyin bango a ƙashina. Na ce, “Kaka, in suka gani fa?” Ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce, “Wa zai gani? Sai mai shara. Su ba su duƙawa cikin ɗakin ga sai in salla za su yi, kuma alƙibla ba nan take ba.” Ta buɗe ƙyauren ta mayar da shi yadda yake. Muna saukowa ta ce mini, ba tare da ta waiwayo ba, duk ranar da aka sake yaɓen ɗakin nan, in zagaye wurin, kada in shafe. Na yi hakan sau uku kafin in bar gidan, biyu daga ciki bayan ta rasu.

Aure ya fitar da ni. Mijina mai gyaran fitila da kwano ne a kasuwa, mutumin kirki, kuma shi ma bai cika son a tona asali ba. Muka haifi ɗa namiji guda da ya rayu, muka sa shi lekol, wato makarantar boko. Ya yi karatu, ya zama mushe, kamar yadda muke ce wa malamin lekol, ya koyar a ƙauyuka har In-Gall, ya dawo gari ya zama diraktan lekol. Yau in ana ɗaurin aure a unguwarmu shi ake ba kujerar gaba, in an yi rigima shi ake kira ya raba. 'Ya'yansa sun san kakarsu ta tashi a tsohon gari, iyakar abin da suka sani ke nan. Ban ɓoye musu da ƙarya ba, shiru kawai na yi, shi ma ya yi shiru, muka ga shirun ya yi mana daidai. Wanda bai zauna garin nan ba zai ce mene ne a ciki. Mu mun san abin da ke ciki. Har gobe in mutum ya yi faɗa da kai ya rasa abin faɗi, kakarka zai tono, in kuma ɗanka ya je neman aure akwai tsohuwar da za a aika ta bincika.

Gidan Madugu kuwa ya yi ta raguwa. Ayari ya ja baya, motoci suka karɓi hanya, jikoki suka watse, wasu Yamai, wasu wajen ma'adinai. 'Yan murhu ma kowa ya kama gabansa, ba mai cuɗa laka. Sai wani cikin magada ya ga yaɓen kowace shekara wahala ce, ya sa aka lulluɓe bangon waje da siminti, aka ce an huta ke nan har abada. Da na ji na ce an sa wa gidan rigar da za ta kashe shi. Ƙasa numfashi take yi, in ta sha ruwa tana son ta fitar. Siminti ya riƙe damshin a ciki, bango ya riƙa ruɓewa ba a gani, har wata damina ɓangare guda ya zube kamar an yanka tuwo. Ɗakunanmu na ƙarshen gida su ne suka fara faɗuwa, ba wanda ya tashe su. Na wuce ta wurin sau ɗaya na ga awaki kwance inda aka haife ni. Raina ya ɓaci, amma ban gaya wa kowa ba.

Ana nan sai masu kula da kayan tarihi suka ce za su gyara gidan yadda yake tun asali, don baƙi su riƙa zuwa gani. Suka ɓamɓare simintin, suka tashi bangon da ya faɗi. Da aka zo yaɓen ciki sai abin ya gagara, duk wanda magina suka shafa, kwana kaɗan ya tsattsage ya zubo. Mai kula da aikin wata yarinya ce 'yar garin nan, 'yar maƙeran azurfa, ta yi karatun gini a waje, tana yawo da takarda da tabarau. Ban san wanda ya ba ta labarina ba. Ta zo har gida ta durƙusa ta gaishe ni, tana ce mini Hajiya, ni da ko hanyar Makka ban sani ba. Ta ce an ce mata da tsohuwar zuma ake magani. Na ce to, zumar dai ta tsufa, gwiwoyinta ma ba su aiki.

Da ta tafi ɗana ya shigo, don ya ji komai daga zaure. Ya zauna bakin gado ya daɗe yana juya hularsa.

“Inna, mi za ki tahi yi can?”

Na ce laka zan nuna musu.

“Laka kaɗai? In kin tahi za a tambaya ina kika koya. C'est fini, Inna, zancen ga ya wuce. Mutane sun manta. Ki bar yaran nan su tashi da kansu a sama.”

Ban ga laifinsa ba. Na san abin da ya sha kafin ya kai inda yake, na san ranar da ya dawo daga lekol yana ƙarami da leɓe a fashe, ya ƙi gaya mini abin da aka ce masa. Na yi masa alkawari laka kaɗai zan nuna, bakina ba zai wuce nan ba.

Na je. Aka ajiye mini kujera a inuwa ina ba da umarni kamar matar gwamna. Na sa suka zubar da lakarsu, don ba ta kwana ko biyu ba suke shafawa. Aka nemo kashin jaki, wanda yanzu sai an fita bayan gari, aka nemo bagaruwa wajen majema. Kullum a kawo mini in shinshina in ce da saura, magina suna dariya suna cewa tsohuwa miya take dafawa. Ranar da ta nuna, na karɓe cokalin gini daga hannun babbansu na ce ya shafa da tafinsa. Bango ya kama, bai tsage ba. Yarinyar ta yi ta murna tana ɗaukar hoto.

Sai aka zo kan bene. Mutum biyu suka riƙe ni na hau. A ɗakin na tarar da jikan Madugu, wanda ya zo daga Yamai ganin aiki. Sa'ana ne, tare muka lashi bangon gishiri, yanzu ya zama Alhaji mai sanda da ciwon sukari. Muka gaisa, na ce masa ya tsufa, ya ce ni ce dai na tsufa. Yarinyar ta bayyana mana cewa zayyana duk za a kiyaye ta, ko ƙwarzane ba za a yi mata ba, amma wuraren da suke fili yaɓensu ya kumbura, gobe za a kankare su a sake. Sannan ta ce akwai abin da take so ta tambaya. Ta tura ƙyauren.

Suna nan, su uku. Ƙura ta cika su, gizo-gizo ya yi saƙa a kai, amma ko yatsa ɗaya bai ɓata ba. Nawa ɗan mitsitsi, har na yi mamakin wai na taɓa zama ƙarama haka.

Ta ce, “Alhaji, kun san tarihin wannan? In yana da tarihi sai in rubuta a bar shi. In babu, gobe zai tahi da sauran.”

Alhaji ya ɗan rankwafa a kan sandarsa, bai kai ƙasa ba. Ya ce shi bai taɓa gani ba, wataƙila wasan yara ne, ko kuwa irin abin da tsofaffi ke yi don maganin baki. Ba ƙarya ya yi ba, bai sani ba ne. Yarinyar ta juyo gare ni. “Hajiya fa?” Na ce gwiwata ke ciwo, a saukar da ni.

Na koma gida na kasa cin abinci. Alkawari biyu ne a wuyana, ɗaya na mai rai, ɗaya na wadda ta mutu, kuma ba yadda zan cika ɗaya ban karya ɗaya ba. Da ɗana ya shigo gaishe ni da la'asar na gaya masa komai, har da abin da bai taɓa ji ba, ranar ƙwaryar laka da dariyar Kaka. Na ce masa ɗakin da aka haife ni ya zama makwancin awaki, kabarin Kaka ban iya nuna shi, abin da ya rage mata a duniya ke nan. Ya ce, “Ke kika haihe ni, Inna,” ya tashi ya fita.

Da safe na riga magina zuwa. Da suka taru, da Alhaji da yarinyar, na ce a rufe ƙyauren. Na durƙusa, gwiwoyin da na ce suna ciwo suka yi ƙara kowa ya ji. Na ce wannan mai yatsa huɗu na kakata ne, baiwar Madugu ce, saye ta ya yi. Wannan na uwata ne. Wannan nawa ne. Na ce duk santsin da kuke yabo a gidan nan, hannuwan nan ne suka yi shi. Wani magini ya sunkuyar da kai, na san uwarsa, na kuma san dalilin sunkuyawar. Alhaji ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce, “Ita ce mai ba mu ƙanzo a ɓoye. Allah ya jiƙanta.” Yarinyar ta buɗe takardarta ta ce in ba ta sunan Kaka ta rubuta. Sunan da na sani, gidan Madugu ne suka sa mata ranar da aka kawo ta. Wanda uwarta ta raɗa mata, ban taɓa tambaya ba, kuma yanzu ba wanda zan tambaya. Na ce ta rubuta matan da suka yaɓe gidan nan, ya isa.

Aka bar kusurwar. Yanzu akwai ɗan allo a bayan ƙyauren, kuma mai zagayawa da baƙi yakan rufe ƙofar ya ce su duƙa. Labari kuwa bai kwana ba ya zagaye unguwa, garin nan ba a ɓoye masa komai. Wasu suka ce tsohuwa ta ruɗe, wasu suka zo gaishe ni da ba su saba zuwa ba. Ɗana ya ci gaba da shigowa safe da yamma, ya gaishe ni a tsaye ya fita, hira ta ɗauke tsakaninmu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ba ni da kowa sai shi. Haka muka yi wajen wata biyu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo da fararen kayansa. Ina zaune a tabarma, don haka abin da na fara gani gwiwoyin wandonsa ne. Duka biyun sun yi ja da ƙasa. Masallaci shimfiɗa gare shi, kuma na san jar ƙasar da na sa aka daɓe benen nan da ita ko cikin dubu. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ya daɗe bai yi ba.

Ya ce, “Inna, ƙaramin yatsan nan, mi ya same shi?”

Na ce igiya ce ta ci shi a hanya.

Ya ce, “Wace hanya?”

Na ce ya miƙo mini ruwa tukuna, zancen da tsawo.